Kafin Mu Ce Tsoho Ya Ruɗe, Mu Duba Idonsa Da Kunnensa

Jama'a masu karatu, ku yi mini haƙuri, yau zan ɗauke ku daga zancen kasuwa da na siyasa in kai ku zauren wani gida a garinmu, don kuwa abin da na gani a can ya hana ni sakat, kuma na tabbata akwai irin wannan zaure a gidajen da yawa daga cikinku, musamman mu da neman abinci ya kawo mu kudu muka baro iyaye a gida.

Baffana, wan mahaifina, mutum ne wanda a da ba a yanke magana a unguwarmu sai da shi. Ya yi aiki fiye da shekara 20 a wata masaƙa a Kaduna, a tsakiyar injuna masu ƙara, sa'an nan ya koma gida ya kama noma. Shi ya san iyakar gonar kowa, shi ake aikawa neman aure, shi ake sawa gaba in za a je biko. Kunnensa ya soma nauyi tun yana bakin aiki, amma hakan bai rage shi da komai ba, don in kana magana sai ya kafa maka ido, ya tsinci rabin zancen da kunne, rabin kuma a leɓenka da fuskarka. Ashe ido ne ke tallafe da kunnen, ba wanda ya lura a cikinmu, har shi kansa. Da yana ta rufe idon, sai duka biyun suka faɗi tare.

Da na je gida hutun Babbar Salla, na durƙusa na ce, "Baffa, mun same ku lafiya?" Sai ya ce mini, "Ai na ci, na ƙoshi." Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Inna, matarsa, ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, kada ka wahalar da kanka, Baffanka ya ruɗe, gigin tsufa ya kama shi." Aka ba ni labarin an yi rikicin iyakar gona, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka halarci rabonta, amma aka ƙi kiransa shaida, wai maganarsa ba ta da kan gado. An daina kai shi ɗaurin aure, an daina shawara da shi. Abinci kawai ake ajiye masa, a kama hannunsa a ɗora a bakin kwano. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yarda da abin da aka ce, na bar kuɗin goro na komo Legas.

To, abin da nake so in faɗa yau ke nan, kuma a kansa na tsaya: da yawa cikin tsofaffin da muke yanke wa hukuncin ruɗewa hankalinsu na nan daram, ido da kunne ne suka gaza musu lokaci guda, kuma babban kaso na wannan gazawa yana da magani. Muddin gida da asibiti ba su koyi duba ido da kunne tare ba, za mu ci gaba da binne iyayenmu da ransu a cikin zaure.

IN BIYU SUKA HAƊU

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san makaho mai kunne ba ya rasa hanya. Yana gane mutane da murya, yana jin motsin mota ya kauce, yana bin labarin duniya a rediyo har ya fi mai ido sani. Haka kuma kurma mai ido yana sana'arsa, ya yi ciniki da hannu, ya ga babur ya tsaya. Dalili kuwa shi ne Allah ya yi waɗannan kafofi su riƙa rufa wa juna asiri, in ɗaya ta yi rauni ɗaya ta ɗauki kayanta. Saboda haka in suka raunana tare, wahalar ba ta tsaya ga nauyin biyun a haɗe ba, ninkawa take yi. Sa'an nan wanda abin ya same shi da tsufa bai sami zarafin koyon dabarun da makaho ko kurma na tun ƙuruciya ya koya ba. Yana da shekara 70 ake so ya sake koyon duniya, ba malami, ba ɗan jagora.

Nauyin kunnen tsufa kuma yana da wata ɗabi'a wadda ke ruɗa iyali. Sautuka masu kaifi yake fara ɗaukewa, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f", ya bar masu kauri. Shi ya sa tsoho zai ji muryarka sarai amma kalmomin su cakuɗe masa, ya kasa rabe "safe" da "shafe". Muryar mata da ta yara ta fi yi masa wuya fiye da ta manyan maza, kuma in taro ya yi hayaniya sai komai ya ɓace masa. Ga shi kuwa mata da jikoki ne ke wuni da shi. Sai a ce ai yana ji in ya ga dama, ko a shiga daka masa tsawa, alhali tsawa tana ƙara ƙara ne kawai, ba ta gyara kalma, kuma tana karya zuciyar dattijo.

Tsayuwar mutum da ƙafafunsa ma a kan abu uku take: ido da ke nuna masa ƙasa, da wani sashe can cikin kunne mai kula da daidaiton jiki, da jin taɓi na tafin ƙafa. Ciwon sukari, wanda ya yawaita a cikinmu, yana cin jijiyoyin ƙafa kuma yana lalata bayan ido. In ukun nan suka yi rauni, dokin ƙofa ko igiyar akuya ko santsin bayan gida ya isa ya kayar da tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 abin ya fi ci. Mun sha gani, tsohon da ya karye a ƙugu ya kwanta, sau da yawa kwanciyar ke nan.

Kada mu manta da hanci da harshe da fata, don su ma suna tsufa. Wadda ba ta jin wari ba za ta san tukunyar gas na yoyo ba, ba za ta san miyar jiya ta lalace ba, ba za ta ji ƙaurin zanenta in ya taɓa kaskon wuta da hunturu ba. Wanda ɗanɗano ya ragu masa ko dai ya ƙara gishiri ya tayar da hawan jini, ko abinci ya fita ransa ya rame. Wanda ƙafarsa ba ta ji zai taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, kuma in ido bai ga raunin ba sai ya ruɓe. Ga kuma maganar shan magani: an gaya masa ƙwaya ɗaya sau uku, ya ji uku sau ɗaya, takardar kuwa ba ya ganin rubutunta, ƙwayoyin kuma duk farare ne a wurinsa.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada wani ya ce wannan labarin gida ɗaya ne. A 2016 masana a Jami'ar Shikago ta Amurka sun buga sakamakon binciken da aka yi a kan mutum wajen 3,000 masu shekara 57 zuwa 85, inda aka gwada ganinsu da jinsu da shaƙarsu da ɗanɗanonsu da jin taɓinsu. Kashi 94 cikin 100 an same su da rauni a kafa ɗaya aƙalla, kashi biyu cikin uku kuwa a kafa biyu ko fiye. Tun a 2014 masanan wannan jami'a suka nuna cewa cikin tsofaffin da suka daina jin wari kashi 39 cikin 100 sun rasu a cikin shekara 5, alhali cikin masu lafiyar hanci kashi 10 ne. Rashin jin warin alama ce ta cewa jiki na raunana daga ciki. Wannan fa a ƙasar da likita ke ko'ina, balle a tamu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare su ko kuwa har yanzu ba a yi musu maganin da ke akwai ba. A 2021 ta ce mutum miliyan 430 ke da nauyin kunne wanda ya kai a taimaka musu, amma cikin masu bukatar na'urar ƙara ji kashi 17 cikin 100 kaɗai ke amfani da ita. Ta kuma ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu nauyin kunnensu ya kai na nakasa.

A nan gida, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, watau sama da mutum miliyan 1 in aka auna da ƙasa baki ɗaya. Arewa maso gabas ce kan gaba da kashi 6.1, kudu maso yamma kuwa, inda nake wannan rubutu, kashi 2.8. Yanar ido ita ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido na biye da wajen kashi 17. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Har ila yau binciken ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka ture yanar da tsinke, kuma mafi yawan idanun nan a makance aka same su.

Game da ruɗewar ita kanta, wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta Ingila ta kafa ya lissafa a 2020 abubuwa 12 waɗanda in aka magance su za a iya karewa ko jinkirta wajen kashi 40 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma nauyin kunne na cikin manyansu. A 2024 kwamitin ya ƙara biyu suka zama 14, ɗaya daga cikin sababbin shi ne raunin ganin da aka bari ba magani. An kuma yi gwaji a Amurka a kan tsofaffi kusan 1,000 masu shekara 70 zuwa 84, aka buga sakamakonsa a 2023. In aka haɗa su duka, na'urar ƙara ji ba ta nuna bambanci ba cikin shekara 3, amma a rukunin waɗanda suka fi kusa da haɗarin mantuwa ta rage saurin dusashewar tunaninsu da kusan rabi. Darasin a fili yake: ƙwaƙwalwar da aka toshe wa ƙofofi, ba labari mai shiga, ba hira, ba gardama, tana iya dusashewa da gaske. Tsohon da muka kira ruɗaɗɗe bisa kuskure muka yi watsi da shi, watsin namu na iya taimakawa ya ruɗe ɗin.

ZAMAN KAƊAICI A CIKIN TARO

Ciwon jiki ma da sauƙi a kan abin da ke samun mutuncinsa. Rayuwar Bahaushe a kan gaisuwa take, da zaman majalisa, da jana'iza da suna. Tsohon da bai ga mai shigowa ba kuma bai ji sallamarsa ba, sai a ce ya yi girman kai ko ya fita hayyacinsa. A masallaci bai ji kabbarar liman ba, bai ga sahu ya sunkuya ba, ya tsaya shi kaɗai mutane na sujada. Sau biyu sau uku haka ta faru, kunya ta sa ya koma salla a ɗaki. Mace kuwa da ma a cikin gida take, nata ya fi ɓoyuwa: a karɓe mata girki don kada ta ƙone, a karɓe mata raino don kada ta yar da jariri, ta wuni a ƙofar ɗaki ba mai ce mata kanzil. Daga nan sai ciwon damuwa, sai ƙin abinci, sai rashin barci, mu kuwa mu ce tsufa ne.

Zamani ma ya daɗa tsananta abin. Mu na kudu da waya muke gaida iyaye, to, wanda ba ya jin murya a waya kuma ba ya ganin fuska a allonta, ina rabonsa da ɗansa? Kuɗin da muke aikawa ta banki sai ya ba wani yaro katinsa da lambar sirrinsa ya je wurin mai POS, abin da aka miƙo masa shi ke nan, ba ya iya ƙirgawa. Ku tuna da wahalar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Mai ido da kunne ma ya ji jiki, balle wanda bai ji sanarwar rediyo ba kuma ba ya rabe sabuwar takarda da tsohuwa. Dukiyar irin waɗannan dattawa da gonakinsu da shaidarsu duk suna salwanta a hannun na kusa da su, ba mai ƙara, don wanda aka cuta an riga an ce ba shi da hankali.

MASU CEWA A BAR WA ALLAH

Na san abin da wasu za su ce. Na farko su ce tsufa ba shi da magani, ciwon ido kuma sai haƙuri. Gaskiya ne ba mai mayar da tsoho yaro, kuma akwai ruɗewa ta haƙiƙa wadda ba ruwanta da ido ko kunne. Amma ta yaya muka san wacce ke damun namu tsohon in ba mu kai an duba ba? Yanar ido fa ba ajali ba ce. Aiki ne wanda yawanci ba ya kai rabin awa, ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashe wa zafi, a cire yanar a sa ƙwayar roba a madadinta, kashegari a buɗe bandeji. Raunin ganin kusa, wanda ke soma kama kowa daga wajen shekara 40, tabarau ne maganinsa. Wani nauyin kunnen kuwa dauɗa ce ta daskare ta toshe shi, ma'aikacin jinya ya wanke ta cikin ɗan lokaci. Hawan jinin ido ne abin da ya ɗauke ba ya dawowa, amma in an gano shi da wuri ana tsayar da shi. Haƙuri yana da muhalli, bayan an nemi magani ne.

Na biyu su ce kuɗin lafiya kaɗan ne, yara da mata masu ciki sun fi cancanta. Ba na jayayya da haƙƙin yara. Sai dai in tambaya, wane ne ɗan jagoran tsohon da ya makance? Jikansa ne, wanda aka cire daga makaranta ya riƙe sanda. Wace ce ke zama da kakar da ba ta gani ba ta ji? Yarinya ce ko suruka wadda ta ajiye sana'arta. Wanda ya buɗe wa tsoho ido ya 'yanta mutum biyu. Sa'an nan waɗanda suka haura shekara 60 a Nijeriya sun kai wajen kashi 5 cikin 100 na jama'a, watau mutum wajen miliyan 10, kuma ƙaruwa suke yi.

Na uku su ce tsofaffin ne ba sa yarda, suna tsoron wuƙar likita. Haka ne, kuma suna da hujja, don sun ga waɗanda masu tsinke suka ƙarasa makantar da su, suna zaton duk aikin ido ɗaya ne. Maganin wannan tsoro shi ne a kawo musu tsararsu wanda aka yi wa aiki ya warke, ya zauna da su ya ba su labari. Gani ya kori ji.

YADDA TA ƘARE DA BAFFA

Abin kunya, faɗuwa ce ta cece shi, ba hankalinmu ba. Ya fita da dare ya yi tuntuɓe da turmi ya karye a hannu, aka kai shi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata, ta haska idonsa ta ga fari a tsakiya, ta leƙa kunnensa ta tarar ɗaya a toshe. Aka wanke kunnen, bayan hannun ya warke muka haɗa kuɗi aka yi masa aikin ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan. Jin da ƙarar injuna ta cinye bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba, amma idon ya koma tallafar kunnen kamar da. Da na je duba shi na zauna gabansa a cikin haske, ya dube ni ya kira sunana, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ni ban ruɗe ba. Ku ne kuka daina yi mini magana." Ban sami abin cewa ba, sai na sunkuyar da kai. Gonar da aka yi rikici a kanta kuwa an riga an yanke hukunci ba da shi ba, kuma a cewarsa an ba marar gaskiya. Shekara 3 muka ɗauke wa wannan bawan Allah a banza.

KIRA GA HUKUMA

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, ta soma aiki a 2021. An sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni waɗanda za a tallafa wa. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, duka biyu a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano wanda ya daɗe yana aiki. Abin da ya rage shi ne abin ya sauko daga takarda ya iso ɗakin shan magani na ƙauye.

Na farko, duk wanda ya haura shekara 60 in ya shiga asibitin matakin farko, ko da ciwon ƙafa ya kawo shi, a gwada idonsa da kunnensa tare. Wannan ba ya bukatar babban likita. Tsarin kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2019 ya nuna yadda ƙaramin ma'aikaci zai yi: allon gwajin ido a bango, sa'an nan ya tsaya bayan tsohon ya toshe masa kunne ɗaya ya raɗa wasu kalmomi ya ce ya maimaita. Na biyu, masu zuwa aikin ido kyauta a ƙananan hukumomi su riƙa tafiya da mai duba kunne, don rabin aiki ne a buɗe ƙofa ɗaya a bar ɗaya a rufe. Na uku, a sa aikin yana da tabarau da na'urar ƙara ji cikin abin da inshora ke biya wa tsofaffi marasa ƙarfi, a kuma tanadi batir da mai gyara kusa, don na'urar da ta mutu a aljihu ba ta da amfani. Na huɗu, a hana masu ture yana da tsinke yawo kasuwa-kasuwa. Na biyar, a tilasta wa masu masana'antu su ba ma'aikata abin toshe kunne, don masana sun daɗe da tabbatar da cewa wunin awa 8 cikin ƙara mai tsanani yana cin kunne a hankali. Yaron da ke tsaye a kan injin niƙa ko kusa da janareta yau, shi ne Baffan wani gobe.

KIRA GA IYALI

Amma kada mu jira Hukuma a kan abin da ke hannunmu. In za ka yi wa tsoho magana, ka zo gabansa, ka taɓa hannunsa, ka faɗi sunanka, ka zauna inda haske ke dukan fuskarka, ka kashe rediyo, ka yi magana a natse ba tsawa. In bai gane ba ka sake faɗa da wasu kalmomi. A ƙara haske a ɗakinsa da hanyar bayan gida, a kawar da turmi da igiya da bokiti daga hanya, kada a riƙa canza wa kayansa wuri. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe maganinsa. Mai ciwon sukari a duba masa tafin ƙafa kullum, a kai shi gwajin ido kowace shekara. A daina ɗiga masa ruwan tsiro ko wani haɗi a ido, a daina soka tsinke ko gashin kaza a kunne. A kama hannunsa a kai shi masallaci da ɗaurin aure, wani ya zauna kusa da shi yana isar masa da abin da ake cewa. In kuma an gyara ido da kunne aka ga har yanzu yana mance sunan 'ya'yansa ko yana ɓata a unguwarsu, to, a koma wurin likita, wannan wata magana ce dabam.

Ku kuma 'yan'uwana na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, da shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da direbobi, muna tara kuɗin Salla, muna tara na jana'iza. Me zai hana mu buɗe asusun ido da kunne na iyayenmu? Abin da ɗayanmu ke kashewa a kan shadda da ɗinkin Salla zai iya zama mafarin kuɗin aikin idon mahaifiyarsa. Wanda zai je gida bana, kada ya tsaya ga ajiye kuɗin goro kamar yadda na yi. Ya zauna ya lura: tana kallon bakinsa in yana magana? Tana laluben kwano? Ta daina fita? In ya ga haka, ya ɗauke ta ya kai a duba kafin ya hau motar dawowa.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, hangen nan yana nan a zukatan dattawanmu, amma ba zai iso gare mu ba in mun bar su cikin duhu da shiru. In kuwa Allah ya ja kwananmu, mu ma zauren nan ne ke jiranmu, kuma 'ya'yanmu na kallon yadda muke yi da namu iyayen. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.